Yadda ake hasashen kakar besbol ta Amurka tun kafin a jefa ƙwallon farko

Tambaya: Na fara bin gasar MLB ta Amurka, kuma duk shekara kafin watan Maris nakan ga an fitar da lambobi, wai ƙungiya kaza za ta ci wasa 92, wata 71, wata kuma tana da kashi 15 cikin ɗari na ɗaukar kofi. Ta yaya ake samo su? Zan iya yi da kaina? Me zai hana a ɗauki teburin bara kawai, a ƙara wa wanda ya sayi manyan 'yan wasa?

Amsa: Malam, za ka iya, da takarda da kalkuleta ma. Sai dai ka shirya wa abu biyu tun yanzu. Teburin bara da kake son dogara da shi ya fi duk kayan aikin da ke gabanka yaudara. Sannan ko ka yi lissafin daidai daga farko har ƙarshe, akwai kuskuren da ba ya goguwa, kuma ana iya faɗin girmansa da lamba.

Fara da sanin faɗin filin. Ƙungiyoyi 30 ne, 29 a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum, kuma ba a tashi canjaras. Ke nan nasarorin da za a raba a kaka guda 2,430 ne, matsakaicin rabon kowa 81. Wanda ya saba da Firimiya yana bukatar gyara idonsa a nan. Manchester City ta ci 32 cikin 38 a kakar 2017/18, sama da kashi 84 cikin ɗari. A besbol, tun da aka koma buga wasa 162 ba a taɓa wuce 116 da Seattle Mariners ta ci a 2001 ba, wanda bai kai kashi 72 ba. Chicago White Sox ta 2024, wadda aka doke sau 121, duk lalacewarta sai da ta ci 41. Yawancin ƙungiyoyi suna faɗawa tsakanin 65 da 100. Idan lissafinka ya ba wata ƙungiya 108, kada ka yi murnar gano gwana, ka koma ka nemo inda ka yi kuskure.

Kalmomin da zan riƙa amfani da su: maki shi ne idan ɗan wasa ya zagaye tashoshi huɗu ya dawo gida. Zango shi ne kashi ɗaya cikin tara na wasa, inda kowane ɓangare ke bugu har a fitar masa da mutum uku. Tsayuwa ita ce kowane zuwan mai bugu gaban mai jifa. Hom-ron shi ne bugun da ƙwallo ke tsallake katanga. Kora ita ce mai jifa ya fitar da mai bugu da jifa uku, tafiyar kyauta kuwa ita ce jifan mai jifa ya kauce wa ma'auni sau huɗu har a ba mai bugu tashar farko.

Abin da ya kamata ka ɗauka daga kakar bara shi ne makin da ƙungiya ta ci da wanda aka ci ta. Bill James, masanin alƙaluman besbol, ya fitar da wata dabara mai sauƙi: ninka makin da ta ci da kansa, ninka wanda aka zura mata da kansa, sai ka raba na farko da jimlar biyun. Abin da ya fito shi ne kason wasannin da ya dace ta ci. Ɗauki San Diego Padres ta 2023. Ta ci maki 752, an ci ta 648. Na farko ya ba da 565,504, na biyu 419,904, jimla 985,408. Rabawa ta ba da 0.574, a ninka da 162, ya kama 93. A tebur kuwa 82 ta ci. Miami Marlins a wannan kakar ta ci maki 666, an ci ta 723, lissafi ya ba ta 74, amma tebur ya nuna 84 har ta shiga zagayen fitar da gwani. Wanda ya bi tebur zai ce Marlins ta fi Padres. A 2024 Padres ta ci 93, Marlins ta ci 62 aka doke ta sau 100. Masu son ƙarin daidaito sukan sa ƙarfin 1.83 a madadin 2, bambancin bai cika wuce wasa ɗaya ba.

Ina giɓin yake fitowa? Kusan kullum daga wasannin da aka tashi da tazarar maki ɗaya. Marlins ta ci 33 cikin irin waɗannan 47, Padres ta ci 9 kacal cikin 32. Masu sharhi sukan kira wannan zuciya ko juriya, kuma da daɗin ji. Matsalar ita ce abin ba ya bin ƙungiya zuwa kaka ta gaba. Baltimore Orioles ta ci 29 ta faɗi 9 a irin waɗannan wasanni a 2012, a 2013 ta ci 20 ta faɗi 31. Texas Rangers ta yi 36 da 11 a 2016, ta gama da nasara 95 alhali makin da ta ci ya fi wanda aka ci ta da 8 kawai, shekara ta zagayo ta dawo 78. Ƙungiya mai masu jifan ƙarshen wasa na ƙwarai tana iya samun ɗan fifiko a nan, amma ɗan kaɗan ne. Sauran sa'a ce, kuma ba kullum ake kwana a gado ba. A hasashenka ka ɗauka kowa zai raba irin waɗannan wasanni kusan rabi da rabi.

Idan sauri kake yi, ga gajeriyar hanya: ɗauki nasarorin da lissafin maki ya bayar, ka mayar da su kusan rabin hanya zuwa 81. Mai 95 ta zama 88, mai 67 ta zama 74. Mutane ba sa son wannan mataki saboda yana sa teburin ya zama lami, amma shi kaɗai yakan doke hasashen da aka yi da ido. Aikin gaske kuwa daga 'yan wasa ake fara shi, domin ƙungiyar bara ba ita za ta fito fili bana ba.

Hanyar da ta fi dacewa da mai koyo ita ce Marcel, wadda Tom Tango ya tsara. Sunan wani biri ya sa mata, don nuna cewa aikin bai fi ƙarfin biri ba, kuma duk tsarin da ya kasa doke ta bai cancanci wahalarsa ba. Ga mai bugu, kana ɗaukar kaka uku na baya, ka ba bara nauyin 5, bara waccan 4, wadda ta gabace ta 3. Sai ka zuba masa tsayuwa 1,200 ta matsakaicin ɗan wasa, wadda za ta janyo shi zuwa tsakiya. Sai ka gyara don shekaru.

Bari mu gwada da wani mai bugu na misali, ɗan shekara 27. Bara ya buga hom-ron 35 a tsayuwa 600, bara waccan 22 a 550, kafin nan 18 a 500. Hom-ron masu nauyi: 175 da 88 da 54, jimla 317. Tsayuwa masu nauyi: 3,000 da 2,200 da 1,500, jimla 6,700. Matsakaicin ɗan wasa yana buga hom-ron a wajen kashi 3 cikin ɗari na tsayuwarsa, ke nan tsayuwa 1,200 ta kawo 36. Yanzu muna da 353 a cikin 7,900, wato 0.0447 a kowace tsayuwa. Yawan tsayuwar da za a ba shi kuma yana da nasa lissafi: rabin ta bara, a haɗa da kashi ɗaya cikin goma na bara waccan, a ƙara 200. Wato 300 da 55 da 200, jimla 555. Ninka 555 da 0.0447 ya ba da 24.8. Tunda bai kai 29 ba, ana ƙara masa 0.6 cikin ɗari a kan kowace shekarar da ta rage, ya tashi wajen 25. Wanda ya haura 29 ana rage masa 0.3 cikin ɗari a kan kowace shekara.

Mutumin da ya buga 35 bara, mun ba shi 25. Magoya bayansa za su ce an ci masa mutunci. Amma ka tara duk waɗanda suka yi irin wannan tsalle a kaka guda ka duba abin da suka yi a kaka ta gaba, za ka ga mafi yawansu sun sauko. Kakar da mutum ya yi fice yawanci ƙwarewa ce ta haɗu da lafiya da sa'a a lokaci guda, kuma ƙwarewar ce kawai ke da tabbacin dawowa. Ga masu jifa ana amfani da nauyin 3, 2, 1, domin su sun fi saurin canzawa.

Raunin Marcel shi ne ba ta san wanda bai taɓa buga MLB ba, sai ta ɗauke shi matsakaici. Matashin da ya taso daga ƙananan gasanni ko wanda ya zo daga Japan, irin Yoshinobu Yamamoto da Los Angeles Dodgers ta ɗauka a ƙarshen 2023, sai ka nemi manyan tsare-tsare: PECOTA da Nate Silver ya ƙirƙira wa Baseball Prospectus a 2003, ZiPS na Dan Szymborski, da Steamer. Biyun ƙarshe ana ganinsu kyauta a shafin intanet na FanGraphs. Suna fassara alƙaluman wata gasa zuwa ma'aunin MLB, wasunsu kuma suna kwatanta ɗan wasa da waɗanda suka yi kama da shi a tarihi. Shawarata ita ce ka ɗauki matsakaicin biyu ko uku daga cikinsu, ya fi riƙe guda.

Ba duk alƙaluma ke da nauyi ɗaya ba, kuma sanin wanda za ka yarda da shi rabin sana'ar ne. Binciken Russell Carleton ya nuna cewa yawan korar da ake wa mai bugu yana fara nuna gaskiyarsa bayan tsayuwa wajen 60, tafiyar kyauta bayan wajen 120. Amma kason ƙwallayen da ya buga cikin fili suka tsira daga hannun masu tsaro, wanda ake kira BABIP, yana bukatar ƙwallo sama da 800 kafin a yarda da shi, kusan kaka biyu. Ga mai jifa abin ya kai wajen 2,000. Matsakaicin gasar yana tsakanin 0.290 da 0.300. Idan ka ga mai bugu da 0.370 alhali ya saba da 0.300, ka sa rai zai sauko. Tun 2015 na'urar Statcast tana auna saurin da ƙwallo ke barin sanda, kuma ana ɗaukar mil 95 a sa'a zuwa sama a matsayin bugu mai ƙarfi. Wanda alƙalumansa suka tashi tare da ƙarfin bugunsa, akwai dalilin yarda da wani kaso na tashin. Wanda suka tashi ƙarfin bugu yana nan yadda yake, ƙwallayensa ne kawai suka riƙa samun rata.

A ɓangaren masu jifa, Voros McCracken ya nuna a 2001 cewa da zarar an buga ƙwallo cikin fili, ikon mai jifa a kan abin da zai faru ƙalilan ne. Abin da ke hannunsa uku ne: kora, tafiyar kyauta, da hom-ron. Daga nan aka samo FIP, ma'aunin da ke auna mai jifa da waɗannan abubuwa kaɗai. Ninka hom-ron da 13, ninka tafiyar kyauta da waɗanda ya jefa a jiki da 3, ninka kora da 2 ka cire, raba da zangunan da ya jefa, ka ƙara wata tsayayyar lamba da ke kusa da 3.15. Mai jifan da ya yi zango 180, aka buga masa hom-ron 20, ya ba da kyauta 50, ya kori 190: 260 da 150 sun zama 410, a cire 380 saura 30, a raba da 180 ya ba da 0.17, a ƙara 3.15 ya zama 3.32. Idan makin da aka ci shi a kowane zango tara, wato ERA, ya nuna 2.60 tare da BABIP na 0.245, to 3.32 ce ta fi kusa da abin da zai yi bana. Mai jifa ne nagari, amma bai kai yadda jarida ta zuzuta shi ba.

Duba filin gida ma. Coors Field na Colorado Rockies yana kan tudu mai tsayin mita 1,600 daga teku. Iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa, jifan da ya kamata ya lanƙwashe ba ya lanƙwashewa sosai. Mai bugun da ya bar can ya koma Seattle, inda fili ke danne maki, alƙalumansa za su ragu ko da ƙwarewarsa ba ta taɓu ba. Ka kuma tabbatar da inda ƙungiya za ta buga: a 2025 Athletics ta koma wani ƙaramin fili a Sacramento, Tampa Bay Rays kuma ta yi aron fili bayan guguwar Milton ta yaye rufin nata.

Yanzu mun iso inda gizo ke saƙa, wato rabon lokacin wasa. Hasashen gida da yawa a nan kwaɓarsu ke yin ruwa, ba a wajen auna ƙwarewa ba. Ƙungiya tana bukatar cike tsayuwa wajen 6,100 da zangon jifa wajen 1,440 a kaka. Mai koyo yakan rubuta masu bugu tara ya ba kowa 650, ya rubuta masu fara jifa biyar ya ba kowa zango 190, ya tashi da ƙungiyar da ba ta taɓa wanzuwa ba. A 2024 masu jifa huɗu ne kacal a duk gasar suka kai zango 200: Logan Gilbert, Seth Lugo, Logan Webb da Zack Wheeler. Mai fara jifa a yau bai cika wuce zango biyar da ɗoriya a wasa ba. Mai tsugunno yana cafe jifa a bayan mai bugu da wuya ya fara wasa fiye da 120, saboda gwiwa ba ta ɗauka.

Yadda za ka yi shi ne ka ba manyan masu bugu 550 zuwa 630 gwargwadon tarihin lafiyarsu, ka ba mai fara jifa na ɗaya da na biyu 165 zuwa 180, na uku zuwa na biyar 110 zuwa 150. Za ka ga zanguna da dama sun yi saura a ɓangaren masu fara jifa. Waɗannan na mutum na shida da na bakwai da na takwas ne, waɗanda ba ka ma san sunansu ba, kuma dole ka nemo su ka rubuta. Ƙungiyoyi biyu masu taurari iri ɗaya suna iya rabuwa da wasa huɗu ko biyar a kan ingancin waɗannan 'yan jiran gado kaɗai. Duk mai jifan da aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwar hannu, wadda ake kira da sunan Tommy John tun da aka fara yi masa a 1974, yana ɗaukar wata 12 zuwa 18 kafin ya dawo. Ka ƙirga daga ranar tiyata, kada ka bi ranar da ƙungiya ta ce tana fata, kuma ka rage masa zanguna a kakar dawowa. Masu jifan canji kuwa zango 60 zuwa 70 suke yi a shekara, ƙanƙanin da ba ya isa a gane gwani daga mai sa'a, don haka su ne za ka fi janyowa zuwa tsakiya. Wanda ya yi ERA na 1.90 bara, rubuta masa wajen 3.20 ka wuce.

Haɗa lissafin ya fi sauƙi da WAR, ma'aunin da ke faɗin nasarori nawa ɗan wasa ya ƙara wa ƙungiya a kan wanda za a iya ɗaukowa a araha ya cike gurbinsa. Kusan maki 10 ke zama nasara 1. Tun 2013 FanGraphs da Baseball-Reference suka daidaita a kan cewa ƙungiyar da aka cika da irin waɗannan 'yan cike gurbi za ta ci kashi 29.4 cikin ɗari, wato wasa 48 a taƙaice, kuma jimlar WAR ta gasar duka 1,000 ce. Matsakaicin ɗan wasa mai fita kullum yana da 2, tauraro 4 zuwa 5, gwarzon shekara 8 zuwa sama. Aaron Judge ya kai wajen 11 a 2024, amma ba wanda ake yi wa hasashen 11. Bayan shekara 30, a cire wa mutum wajen WAR 0.5 duk shekara. Idan masu bugunka sun tara 24, masu fara jifa 12, 'yan canji 4, jimla 40 ke nan, a ɗora a kan 48, hasashe ya zama 88.

Wannan ne ke amsa batun sayen manyan 'yan wasa. Abin da tauraro ke ƙarawa shi ne tazarar da ke tsakaninsa da wanda ya ture daga gurbin. Mai WAR 6 da ya maye mai 2 ya kawo nasara 4, ba 6 ba, kuma ko gwanin gwanaye sau huɗu ko biyar yake tsayuwa a wasa, dole ya jira layi ya zagayo. New York Mets ta ba Juan Soto dala miliyan 765 na shekara 15 a Disambar 2024. Soto ya yi kaka mai kyau, amma ƙungiyar ta sauko daga nasara 89 zuwa 83, ta rasa zagayen fitar da gwani saboda jifa ya lalace. A 2023 ma ita ce ta fi kowa kashe kuɗin albashi, ta gama da 75.

Kafin ka rufe littafi, tara nasarorin ƙungiyoyi 30. In sun wuce 2,430, kuma kusan kullum sukan wuce saboda kowa ana yi masa kyakkyawan zato, ka rage wa kowa daidai har jimla ta dawo. Sai ka ɗan gyara don jadawali. Tun 2023 kowace ƙungiya tana karawa da kowa, wasannin cikin rukuni (an raba ƙungiyoyin rukuni shida masu biyar-biyar) sun ragu daga 76 zuwa 52, don haka zama a rukuni mai zafi ba ya cin mutum kamar da. Wasa ɗaya ko biyu sama ko ƙasa ya wadatar. Ka kuma duba ko an canza doka. A 2023 da aka kawo agogon jifa, aka faɗaɗa tashoshi daga inci 15 zuwa 18, satar tasha, wato ɗan wasa ya ruga tasha ta gaba ba tare da an buga ƙwallo ba, ta tashi daga 2,486 zuwa 3,503, ƙungiyoyi masu gudu suka ci ribar da alƙaluman baya ba su nuna ba.

Ga kuskuren da ba ya goguwa. A ce ka san ƙarfin ƙungiya sarai, ita ce mai kashi 50 cikin ɗari. Buga wasa 162 tamkar jefa kwabo ne sau 162, kuma lissafi ya nuna karkacewar da aka saba gani wajen wasa 6.4 ce. Ke nan a kaka ɗaya cikin uku, wannan ƙungiya za ta ci ƙasa da 75 ko sama da 87 ba tare da wani abu ya canza ba. Ɗora rauni, da matashin da ya fashe ba zato, da cinikin 'yan wasa na ƙarshen Yuli inda masu fata ke saye masu yanke ƙauna ke sayarwa, sai kuskuren manyan tsare-tsare ya kai wasa 8 zuwa 10. An yi wa San Francisco Giants hasashen wajen 75 a 2021, ta ci 107, a 2022 ta dawo 81. Toronto Blue Jays ta ci 74 a 2024 tana ta ƙarshe a rukuninta, a 2025 ta ci 94 ta kai wasa na bakwai a World Series, zagayen ƙarshe na ɗaukar kofi. Dodgers da aka sa wa ran wuce 100 a 2025 ta tsaya a 93. Saboda haka idan lissafinka ya ce 88, rubuta 79 zuwa 97, kuma tazarar wasa uku tsakanin ƙungiyoyi biyu kada ka ɗauke ta a bakin komai.

Kason ɗaukar kofi da kake gani, kwamfuta ce ke buga kakar sau dubbai da waɗannan ƙarfafan, tana ba mai gida wajen kashi 53 zuwa 54 idan ƙarfi ya zo ɗaya, sannan a ƙirga sau nawa kowa ya yi nasara. Tun 2022 ƙungiyoyi 12 ke shiga zagayen fitar da gwani, shida daga kowane ɗaya cikin ɓangarori biyu na gasar. A kowane ɓangare, biyun da suka fi yawan nasara cikin zakarun rukuni suna tsallake zagayen farko na wasa uku, sai zagayen wasa biyar, sai biyu na wasa bakwai. Za ka iya gwada lissafin da wata dabarar Bill James mai suna log5. Ƙungiya mai ƙarfin 0.600, wato mai nasara 97, idan ta haɗu da mai 0.550, mai nasara 89: ninka biyun ya ba da 0.33, cire shi daga 0.600 saura 0.27, sai ka haɗa ƙarfin biyu ka cire 0.66 saura 0.49, rabawa ta ba da 0.551 a wasa guda. A zagayen wasa biyar wannan yana zama wajen kashi 59.5, a na bakwai wajen 61. Ninka 0.595 da 0.61 da 0.61, ka sami 0.22. Ƙungiyar da ta fi kowa, wadda ta riga ta tsallake zagayen farko, kashi 22 ne rabonta. A watan Maris, da ba ta ma tabbatar da gurbin ba, dole ya gaza haka. Shi ya sa Mariners mai 116 ba ta kai World Series ba, Dodgers mai 111 a 2022 ta faɗi hannun Padres mai 89 a zagayen wasa biyar, St. Louis Cardinals kuma ta ɗauki kofi a 2006 da nasara 83. Dodgers da ta ɗauka a 2024 da 2025 ita ce ta farko da ta jera biyu tun Yankees ta 1998 zuwa 2000.

Sakamakon wasannin share fage na Fabrairu da Maris a Arizona da Florida, ka watsar. Abin dubawa a can uku ne: wa ya ji rauni, wa ya samu gurbi, da mai jifan da saurin jifansa ya tashi ko ya faɗi da mil biyu a sa'a. Idan kaka ta fara kuma, kada watan Afrilu ya ruɗe ka. Washington Nationals ta ci 19 ta faɗi 31 a wasanninta 50 na farko a 2019, ta ƙare da kofi. Tango ya nuna cewa sai an buga wajen wasa 70 kafin tebur ya zama rabi ƙwarewa rabi sa'a, don haka dabarar sabunta hasashe ita ce ka ƙara wa kowace ƙungiya wasa 70 na rabi da rabi. Mai 30 da 20 bayan wasa 50: 30 da 35 sun zama 65, a raba da 120 ya ba da 0.542. Ninka da wasa 112 da suka rage ya ba da 61, a ɗora 30 da ke aljihu, hasashen ƙarshe 91, ba 97 da saurin tafiyarta ke nunawa ba. In ka riga ka yi hasashen Maris da kyau, ka cika wasannin nan 70 da kason da ka ba ta tun farko a madadin rabi da rabi: ƙungiyar da ka ba 88 sai ka ƙara mata nasara 38 a cikin 70, wadda ka ba 74 ka ƙara mata 32.